Kwana uku da karen maƙwabciya a kwarin Lauterbrunnen

Ni da na tashi a Malumfashi, inda iyakar kare bakin zaure ne ko gindin rumbu, ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan tsaya gaban na'ura ina saya wa kare tikitin jirgin ƙasa ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Dattijuwar da muke haya a saman gidanta a Freiburg, can kudancin Jamus, ita ta riƙe mana Ummi tun tana 'yar firamare, duk ranar da aiki ya riƙe ni ya riƙe uwarta. Ko sisi ba ta taɓa karɓa ba. Kaka Ummi take ce mata, mu ma muka bi. Sai ga shi likitoci sun sa mata ranar tiyatar ƙugu, ranar kuma ta faɗo daidai makon da ta riga ta kama ɗaki ta biya a Lauterbrunnen, wani kwari a tsaunukan Alps na ƙasar Suwizalan, inda ta saba zuwa duk shekara da karenta tun mijinta yana raye. Kuɗin ba za su dawo ba, karen kuma ba ta son a kai shi gidan ajiyar karnuka. Ta tambaya ko za mu je a madadinta.

Uwargida ta ce ita kam a kai kasuwa. Ummi, mai shekara 15, ta amsa tun kafin in buɗe baki.

Karen baƙi ne wuluk, tsayinsa ya kai gwiwata, shekarunsa 8. Yana da sunansa na Jamusanci, amma ni Duna nake ce masa, har ya saba yana waiwayowa. Da na faɗa wa Hajiya a waya, shiru ta yi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To, ai sai ka ware tufafin sallarka." Na ce na riga na ware. A zauren da muka yi karatu an gaya mana cewa a mazhabar Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne har yawunsa, ƙwaryar da ya sa wa baki ce ake wankewa sau bakwai. Sai dai abin da ke cikin littafi daban, abin da jiki ya saba da shi daban. Jallabiya ɗaya da darduma na ƙulle a ledarsu su kaɗai.

Aikin farko na takarda ne. Kare a Turai yana da fasfo, wani ɗan littafi shuɗi mai taurarin Tarayyar Turai a bangonsa. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar, amma tana karɓarsa. Abu biyu ake nema a ciki: lambar wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa da aka cusa masa ƙarƙashin fatar wuya, da hatimin allurar rigakafin haukan kare. Don kawai in kashe ƙwarƙwatar ido na buɗe littafin, sai na ga wa'adin allurar ya ƙare tun wata biyu baya. Ciwon ƙafa ya sha wa Kaka kai, ta manta. Likitar dabbobi ta ce in wa'adi ya riga ya wuce, sabuwar allurar kamar ta farko ake lissafa ta, dole a jira kwana 21 kafin a tsallaka iyaka da shi. Muka ƙirga a kalanda, saura kwana 24. Da na ƙara kwana huɗu ban buɗe littafin nan ba, da tafiya ta fasu. Ta haɗa masa da maganin kaska, ta ce ciyawar ƙasan kwari ba ta rabo da su. A iyaka ba wanda ya tambaye mu fasfon, amma ban so in gwada abin da zai faru da an tambaya ba.

Sai jirgi. A Jamus duk karen da ya fi kyanwa girma sai an biya masa rabin kuɗi, kuma a sa masa igiya da takunkumi. Duna ya tsani takunkumi. Mako guda Ummi ta yi tana shafa cuku a cikinsa yana cusa baki da kansa, kafin ya yarda a ɗaure. A Suwizalan kuwa da santimita suke awo: wanda bai wuce 30 a kafaɗa ba, in yana cikin jaka ko kwando, kaya ne, kyauta zai tafi. Wanda ya wuce, ko rabin kuɗi ko tikitin yini na faran 25, kuɗin ƙasar. Na yini muka saya a Basel. Daga nan kusan awa biyu ne zuwa Interlaken, ta Bern da Thun da Spiez. A tashar Interlaken ta gabas akwai tarko ga baƙo: jirgin ɗaya ne, amma in ya kai Zweilütschinen rabuwa yake yi gida biyu, rabi ya nufi Grindelwald, rabi Lauterbrunnen. Har mun zauna, Duna ya miƙe ƙafa ƙarƙashin kujera, Ummi ta ɗaga kai ta karanta allo ta ce, "Baba, ba namu ba ne wannan." Muka kwashi jaka da kare da gudu zuwa ɗaya taragon.

Minti 20 ne kawai tafiyar, amma in ka sauka sai ka ga kamar wata ƙasa aka kai ka. Kwarin kamar an sa wuƙa an tsaga dutse: banguna biyu a tsaye cak, ɗaruruwan mita, tsakaninsu shimfiɗaɗɗiyar ciyawa kore shar. Daskararriyar ƙanƙara ce ta sassaƙe shi haka a zamanin da. Garin yana wajen mita 800 sama da teku, kuma suna ƙirga magangarun ruwa 72 a kwarin. Wadda ke bayan gari, Staubbach, daga mita 297 take zubowa, wato kusan a ɗora Gurara goma kan juna. Sunan nata ma'anarsa ƙoramar ƙura, don kafin ruwan ya iso ƙasa iska ta riga ta mai da shi feshi. Duna ko kallo bai yi ba. Gindin wata fitila yake shinshina.

Daren nan na shimfiɗa taswirar da Kaka ta ba ni, tsohuwa, duk ta sha salatif a maninka. Ƙasar tana da hanyoyin ƙafa masu alama sama da kilomita 65,000, kuma kala ce ke gaya maka irin wahalar da ke gabanka. Rawaya zalla, kowa na iya bi. Fari da ja da fari, hanyar tsauni ce, da hawa da duwatsu da gefen rami. Fari da shuɗi da fari kuwa ta masu kama dutse da hannu ce, mai kare ba shi da abin yi a can. Allunan ba sa rubuta kilomita, awa da minti suke rubutawa, kuma na lura lissafin na mutanen da aka haifa kan tudu ne. Mai kare da ke tsayawa kowane gindin itace, ya ƙara rabi a kai.

Abin da ya ja hankalina shi ne zanen da Kaka ta yi da jan biro. Ba ta yi alama inda ya fi kyaun gani ba. Da'ira ta zana nan da can a saman kwarin, ta rubuta kalma ɗaya cikin kowace: shanu. A asibiti ma, tana kwance, abin da ta maimaita min ke nan. Ba tsayin hanya ba, ba ruwan sama ba, shanu. Na yi murmushi a raina. Ni da na yi ƙuruciya ina bin Fulanin da ke kiwon shanun kakana, za a koya wa saniya?

Ummi ta ƙara duba wani abu a intanet, taswirar da ke nuna inda aka ajiye karnukan tsaron garke. Tun da kyarkeci ya dawo ƙasar daga Italiya a tsakiyar shekarun 1990, masu tumaki suka koma ajiye wasu manyan fararen karnuka da ke kwana su tashi cikin garke. Mutum shi kaɗai sukan yi masa haushi su bar shi, amma baƙon kare a wurinsu ɗan'uwan kyarkeci ne, shi ya sa shawarar da ake bayarwa ita ce kada ma ka kai naka wurin. Hanyoyinmu ba su bi ta kansu ba. Akwai ma inda magana ta ƙare gaba ɗaya: gandun dajin ƙasa da ke Engadin, wanda aka kafa a 1914, kare ba ya shiga ko da igiya a wuyansa.

Ranar farko muka bi ƙasan kwari, daga Lauterbrunnen zuwa Stechelberg, kusan kilomita 7, hanya miƙaƙƙiya a gefen kogin Lütschine. Ruwan kogin fari-fari ne kamar an dama farar ƙasa, garin dutsen da ƙanƙara ta niƙa ne. In kana neman hanyar da za ka fara gwada kare, wannan ce: ba hawa, ga inuwa, ga ruwa, in ya gaji ga bas mai ruwan ɗorawa da zai mai da ku. Kowa ka gamu da shi sai ya ce "Grüessech", gaisuwar mutanen Bern ke nan, har na iya.

A nan na fara shan faɗa. Na sassauta wa Duna igiya, ya kutsa cikin wata doguwar ciyawa mai furanni, ya tsuguna. Ban ma ga mutumin ba sai da ya yi magana. Wani dattijo ne da manjagara a kafaɗa. Bai ɗaga murya ba. Ya nuna ciyawar ya ce wannan ba filin wasa ba ne, abincin shanunsa ne na hunturu, yankewa zai yi ya busar ya adana. Ya ce kashin kare yakan ɗauki wata ƙwayar cuta da in ta shiga cikin saniya mai ciki sai ta yi ɓari, kuma ko ba cutar, damin da ya gauraya da shi shanu ba sa ci. Ya tsaya yana kallo har na shiga da leda na kwashe. Kunya ta kama ni, ba don kwasar ba. Don na san maganar. A garinmu wa zai saki akuyarsa cikin gonar mutum da damina, ya ce ai ganye ne kawai? Ni ne na zo da idon ɗan yawon buɗe ido, na ga kore na ɗauka ado ne. Duk kwarin nan gona ce da makiyaya, hanyar da muke bi kuma burtali ne aka ara mana.

Ledar ba ta wahalar samu. Ko'ina akwai wasu korayen akwatuna, Robidog, wani mutumin Thun ne ya ƙirƙiro su a 1981. Ka zari leda a gefe, ka jefa ƙullin a ciki. Sai dai in ka hau sama sukan yi nisa da juna, dole ka rataya ƙullinka a jaka ka yi ta tafiya da shi. Da Hajiya ta gan ni a wannan hali, ban san me zan ce mata ba.

Kwamin ruwan shanu ma haka. Duna ya ga ruwa garau yana kwarara cikin wani sassaƙaƙƙen gungume, ya ɗaga ƙafa zai faɗa, Ummi ta fizgo shi. Ɗiba ake yi a zuba masa a nasa kwanon. Can gaba kuma ya kai hanci kan wata siririyar waya da ta kewaye maruƙa. Lantarki ne a jiki. Ƙarar da ya yi sai da ta dawo daga bangon dutse. Daga nan duk inda ya ga waya ko ƙofar shinge sai ya turje, sai an lallashe shi.

A Trümmelbach aka tsai da mu. Magangaru 10 ne a cikin cikin dutse, ruwan da ke narkewa daga ƙanƙarar tsaunukan Eiger da Mönch da Jungfrau duk nan yake bi, har yakan kai lita 20,000 a daƙiƙa guda. Kare ba ya shiga. Da farko na ji haushi, amma da na shiga na ba su gaskiya: matakala ƙunci, ga santsi, ga rugugin da kake ji a ƙirjinka kamar ana daka a ƙarƙashin ƙasa. Karɓa-karɓa muka yi, ni na shiga Ummi na riƙe da shi, na fito ta shiga. Ina zaune ina jiranta sai na ji wani abu ya yi fau a sama kamar an kakkaɓe babban zane. Duna ya shige tsakanin ƙafafuna. Masu tsalle daga bakin dutse da laima ne, kwarin ya yi suna a wurinsu. Allah ya shirye su.

Rana ta biyu ita ce dalilin da na zauna rubuta wannan.

Da sassafe muka hau motar da ke rataye a waya, kafin cunkoso, don kada a taka masa dagi. Minti 4 ta ɗauke mu daga gari ta dire mu a Grütschalp, wajen mita 1,480. Daga nan hanya biyu ce zuwa Mürren. Ta ƙasa tana bin layin dogo ta Winteregg, kilomita 4 da ɗoriya, kusan a shimfiɗe, alama rawaya. Ta sama fari da ja ce, tana hawa ta cikin makiyaya har Allmendhubel, mita 1,907. Kaka ta ja layi a kan ta ƙasa. A kan ta sama ta zana da'irarta har biyu.

Gari ya yi garau, tsaunuka ukun nan sun fito reras a gabanmu, Jungfrau mai mita 4,158 ta fi su tsayi, fari fat har ido ba ya iya daɗewa a kai. Na ce wa Ummi ai zuwa nan a bi layin dogo asara ne. Ta ce, "Baba, Kaka fa ta ce shanu." Na ce mata na san shanu tun ba a haifi uwarta ba.

Awa guda komai lafiya. Hawan farko ya sa mu haki mu uku, sannan hanya ta lafa. Wata dabba mai kama da rema, amma ta fi ta ƙiba, ta tsaya kan dutse ta yi fito mai tsini ta shige rami, Duna ya kusa tsinke min kafaɗa. Ƙararrawar shanu tana tashi daga ko'ina. Makiyayan nan ma ciyawa suke bi kamar namu, sai dai namu kudu suke gangarawa da rani, su kuwa sama suke hawa a watan Yuni in ƙanƙara ta janye, su sauko a Satumba. Mun wuce garke biyu na shanun tatsa, ko ɗaga kai ba su yi ba. Na ƙara sakin jiki.

Sai muka iso wata ƙofar shinge mai allo, hoton saniya da ɗanta, an rubuta a kiyaye tazara. Na karanta. Na kuma san bambancin. Saniyar tatsa kullum hannun mutum yana jikinta safe da yamma, ɗanta kuma ba ya tare da ita. Wadda aka bar wa ɗanta yana tsotso, ta yi watanni a tudu ba mai taɓa ta, wannan wata aba ce daban. Kuma a idonta kare ba abin wasan gida ba ne, maci maraƙi ne. Dokar lardin Bern ma ta ce a makiyayar da akwai dabbobi dole kare ya kasance a igiya. Abin da ya kamata in yi shi ne in tsaya in ƙirga inda kowace take, in babu wurin kewayewa da nisa mu juya. Amma juyawa na nufin awa guda ta koma banza. Na naɗe igiyar a hannu na gajarta ta, na ce mu wuce a hankali.

Kuskurena shi ne ban ga maraƙin ba. Yana kwance cikin ciyawa ta hagu, uwarsa tana dama, turba ta ratsa tsakaninsu. Sai da ya miƙe ya yi ɗan kuka na gane inda muka tsaya.

Ja ce mai farar fuska, irin ta Simmental, wadda asalinta ma wani kwari ne a wannan lardin. Ta daina tuƙa. Ta zuba wa Duna ido, ba ni ba. Ta sunkuyar da kai, ta huro iska ta hanci, ta kafta ƙasa da kofato. Waɗannan alamu na san su tun ina ɗan shekara tara, saniyar Malumfashi da ta Alps yarensu ɗaya. Biyu daga cikin 'yan'uwanta suka taso daga baya, ƙararrawarsu ta sauya sauti.

"Ummi, koma bayana. Kada ki yi gudu."

"Baba, kar ka sake shi!"

Na san ƙa'idar, Kaka ta faɗa, an rubuta ta a takardun da ake rabawa a tasha: ka riƙe kare a igiya, amma in ka ga saniya za ta afko, ka sake shi nan take. Ya fi ka gudu, ya fi ta gudu, kuma shi take nufi. In ka riƙe shi, kai ne ka ɗaure kanka a jikin abin da take son takewa. Shi ya sa ba a ɗaura igiyar a ƙugu. A 2014, a kwarin Pinnis na yankin Tirol a Ostiriya, shanu sun tattake wata Bajamushiya mai shekara 45 har lahira, igiyar karenta tana maƙale a ƙugunta. Shari'ar ta girgiza makiyayan yankin, don a 2019 kotun farko ta ɗora wa mai shanun laifi, kafin ta ɗaukaka ƙara ta raba laifin biyu tsakaninsa da marigayiyar.

Duk wannan yana kaina, amma hannuna ya ƙi buɗewa. Amana ce aka ba ni. Tsohuwa tana kwance da sabon ƙarfe a ƙugu, abin da mijinta ya bar mata ke nan mai numfashi, ni kuma in sake shi a tudun da ban sani ba, gaban ƙaho? Kuma igiyar da na naɗe don in gajarta, ita ta shaƙe min yatsu. Saniyar ta taho, ba da gudu sosai ba, da irin sassarfar nan mai nauyi da kake ji a ƙasa. Na sunkuya na ɓalle maƙalar daga ɗamarar ƙirjinsa.

Ban taɓa sanin Duna yana da wannan gudun ba. Ya yi kwana ya gangara, saniyar ta juya ta bi shi, ta wuce ni da tazarar da na ji warin jikinta. Wayar lantarkin nan da tun jiya yake turjewa in ya gani, ƙarƙashinta ya bi kamar an harba shi. Saniyar ta ja birki a bakin wayar, ta tsaya tana huci. Sauran biyun suka tsaya suna kallonmu. Na ɗaga sandar tafiyata a gabana, ban kaɗa ba, na fara ja da baya, Ummi tana riƙe da jakata ta baya. Ban ba su ƙeya ba. Na ji bakina yana yi musu irin maganar nan ƙasa-ƙasa da Fulanin kakana ke yi wa nagge in za su kama ɗanta, kalmomin da ban san ina tune da su ba. Ko sun yi aiki ko saniyar ce ta ga abokin gabarta ya tafi, oho. Ta koma wurin ɗanta ta hau lasa.

Da muka fita ta ƙofar da muka shigo, gwiwoyina suka ƙi ɗaukata. Na zauna kan dutse. Ummi ba ta ce min komai ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Ta gangara tana kiran sunansa na Jamusanci. Wajen minti goma, sai ga shi ya fito daga wata ƙorama, jiƙe sharkaf, harshe waje, ko ƙwarzane babu. Ya zo ya jingina jikinsa da ƙafata yana karkarwa. Ranar ce kaɗai ban janye ƙafar ba.

Muka koma har Grütschalp, awa gudan da na yi wa rowa na biya ta ninki biyu, muka bi layin da Kaka ta ja. Abin haushi, tsaunukan nan uku daga hanyar ƙasa ma ga su nan a gabanka, ba abin da ya ragu. Yara a keken turawa, tsofaffi da sanduna, karnuka iri-iri. Kusa da Winteregg na ɗaure Duna a ƙafar benci, na yi alwala da ruwan da ya sa haƙorana kaɗawa, na sauya riga na yi azahar. Yana kwance ya ɗora haɓa kan dagi yana kallona har na sallame.

Mürren, mita 1,638, gari ne a bakin bangon dutsen, titin mota ba ya zuwa, don haka tafiya da kare a cikinsa hutu ce. Daga nan muka gangara Gimmelwald, kamar minti 40 a kan kwalta. A ƙofar wani gida akwai firiji cike da cuku, da farashi a rubuce, da ɗan akwatin jefa kuɗi, ba mai tsaro. Ummi ta saya wa Kaka guda, ta jefa kuɗin, ta kalle ni ta ce, "Baba, a Kasuwar Kurmi zai kwana?" Maganarta ta farko ke nan tun wurin shanun. Na ce ta bar tonon faɗa. Motar waya ta sauke mu Stechelberg, bas ya kai mu masauki.

Rana ta uku na yi niyyar ƙuryar kwarin, bayan Stechelberg, inda kwalta ta ƙare. Yanki ne da aka keɓe don kare halittu, igiya ba ta fita daga wuyan kare ko ba shanu. Can sama akwai Obersteinberg, wani masauki a mita 1,778 da har yau kyandir suke kunnawa. Daga mita 910 za ka taso, hawa ne na gaske. Mun kai Trachsellauenen, inda ake ganin kufan wurin narka ma'adinai na da, sai na lura Duna yana ɗaga ƙafar gaba ta dama. Gudun jiya a kan tsakuwa ya ɗaye masa fatar dagi kaɗan. Na wanke, Ummi ta sa masa safarta ta ɗaure da salatif. Hadari kuma ya fara haɗuwa ta bayan tsaunin, kuma a nan ruwan la'asar ba ya sallama. Wannan karon ban jira an gaya min ba, muka juya. Muna shiga bas ruwa ya kece.

Da dare Ummi ta bi jikinsa da yatsu ta ciro kaska biyu, sun riga sun mutu, maganin likitar ya yi aiki.

Kaka na faɗa mata gaskiya duka, ban rage ba. Ta saurara, ta tambaya a wace da'ira ce, ta farko ko ta biyu. Na ce ta biyu. Ta gyaɗa kai, ta ce mijinta ma a nan ya taɓa yar da hularsa.

Hajiya kuwa labarin kare bai dame ta ba, hoton shanun ta ce a turo mata. Ummi ta tura waɗanda ta ɗauka a garken farko. Bayan isha sai ga kira.

"Waɗannan su ne shanun da suka kore ka?"

"'Yan'uwansu ne, Hajiya."

"Ina tozonsu?"

"Ba su da tozo, haka irinsu yake."

Ta yi shiru, ina jin ƙarar carbinta.

"Saniya ba tozo," in ji ta. "To da Sallah me suke ba maigida?"